Kada Baba Ya Hau Jirgin Nan

Dakota ta Arewa, 4 ga Maris

Yaya Lurleen,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Ya maigidanki Odell da yara? Ni lafiya lau, sanyi ne dai ya taɓa min yatsu biyu, amma suna riƙe biro.

Kin ce Baba na shirin fita tafki kamun kifin nan da ake kira bas da tsohon jirginmu na ruwa. Yaya, don girman Allah ki hana shi! Na san zai ce, "Jirgin da ba ya tangaɗi ko ka miƙe tsaye? Ai an daina ƙera irinsa." Gaskiyarsa ne. Amma katakon baya da ke riƙe da inji ya ruɓe ta ciki. Bara na ga ya tsage, na shafe tsagar da fenti na yi shiru, don kada a raba shi da jirgin da marigayiya Mama ta raɗa wa suna.

In ya musa, Odell ya taka injin da ƙafa a gabansa, zai ga katakon bayan yana lanƙwasawa. Ki ɓoye makullin injin, ki ce ni na sa ki. Ya zage ni son ransa. Ni dai in dawo a watan Yuni in tarar da mai zagin.

Ƙaninki,
Dewey