Mai Gari da Ramin Kusurwar Gabas

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kina cikin ni'imar Allah a makwancinki. Maganar kunkurunki Mai Gari ce ta sa nake rubuto miki.

Bai fi tafin hannu ba lokacin da wani makiyayi daga Tarka ya kawo miki shi. Kika ba shi kusurwar gabas ta gidanmu na Belbeji, inda hantsi ke fara sauka, kika dasa masa yaɗiya don inuwa. Kina cewa, "Ranar safe ce ke ƙarfafa masa baya, ta tsakar rana kuwa kashe shi za ta yi." Mu muna tura masa tuwo, ke kina bin mu da faɗa: ciyawa, harawa, ɓawon kankana, shi ke nan. Wallahi har kishinsa nake yi. Ni ban taɓa samun wannan lallashin ba!

Da kika rasu a farkon bazara, ya shige raminsa bai ƙara leƙowa ba. Yaya Sani yana son gina ɗaki a kusurwar, har an sauke tubali. Ya haska ramin da fitilar salula, ya zura sanda, shiru. Ya ce Mai Gari ya mutu, a cike ramin kafin damina.

Ina jin haka na hau mota daga Tanout, ko ɗankwali ban ɗaura da kyau ba. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Ba ni da hujja sai maganarki: "In zafi ya tsananta, ƙasa yake bi. Kada wanda ya taɓa masa rami sai ruwa ya sauka." Yaya ya yarda ya jira ruwan farko, magini ya tafi yana gunaguni.

Na zauna a gida ina gadi, kuma ni ma na tsorata, Inna. Ruwa ya yi jinkiri. Kullum ina ajiye harawa a bakin rami, akuya ce ke cinyewa.

Da ruwan ya sauka, washegari da hantsi sai ƙasar bakin ramin ta motsa. Ya fito jikinsa duk laka, ya sha ruwan da ya kwanta a kusa da ramin ya ƙoshi. Daga nan ya ratsa tsakar gida a hankali, ya tsaya a ƙofar ɗakinki, wuya a miƙe, yana jiran ki fito.

Yaya ya juya baya yana share ido. Shi da kansa ya ɗebo harawa ya tsuguna a gabansa. An mayar da ginin ɗakin zuwa kusurwar yamma.

Na gode, Innata. Na gode da faɗan nan naki da muke ganin ya yi yawa. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya saka miki da Aljanna saboda tausayin da kika yi wa abin da ba ya iya cewa na gode.

Ƴarki mai kewarki,
Zainabu