Kogi Ne Ya Matsa, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Buba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da kai na gama karatun safiyo, wato awon ƙasa. Ta kwamfuta aka kira sunana a bikin yaye mu, ina zaune a ɗakina a unguwar Chow Kit, nan ƙasar waje, saboda kullen korona. Kullen nan ne ya hana ni zuwa jana'izarka.

Ƙaninka, Baffa Sale, ya kira ni. Gidan Danladi, maƙwabtanmu na ƙetaren ruwa, sun kai ƙara wurin hakimi a kan fadama. Baffa yana so in rubuta tarihin garkenmu in zana taswira, wai tunda yanzu muna da mai digiri a gida.

Tarihin na riƙe shi yadda ka ba ni. Kakanka Jauro ya sauko kwarin da shanu goma sha ɗaya, ya tarar ba kowa sai kakan Danladi. Suka yi magana a baki, ba takarda: yamma da kogi na shanu, gabas na noma. Ruwan ne iyaka.

Amma Baba, na tuna ranar da ka goya ni a wuya muka bi kiwo. Ka tsaya a wani kwazazzabo mai yashi ka ce, “Nan ruwan yake bi kafin babbar ambaliya.” Makon jiya na duba hoton tauraron ɗan Adam, sau uku ina aunawa. Tsohuwar hanyar ruwan tana nan, a lanƙwashe kamar lauje. Fadamar da shanunmu ke ci da rani tana gabas da ita. Kogi ne ya matsa, ya ba mu gonar mutane.

Baffa ya ce in zana ruwan inda yake yau, ai ba ƙarya na yi ba. Na san idan fadamar ta tafi, shanu za su rame kafin ruwan fari, a fara kai su kasuwar kara ɗaya bayan ɗaya. Da nonon nan Inna ke riƙe da ƙannena. Ranar ko shinkafar da na yi tapau, wato na sayo a ƙunshe, ban iya buɗewa ba.

Kana da 'ya'ya maza biyar, Baba. Me ya sa ni ka nuna wa?

Layi biyu na zana, tsoho da sabo, na rubuta wa kowanne sunansa. Na tura wa Baffa taswirar ta waya, na roƙe shi ya je gidan Danladi da kansa ya nemi aron ciyawar rani kafin a zauna gaban hakimi. Ya buɗe saƙon. Kwana huɗu ke nan bai amsa ba, bai kuma ɗaga wayata ba.

Idan na ɓata abin da kuka gina, ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka, ya sanyaya zuciyar Baffa, ya ba shanun nan abin da za su ci.

'Yarka da take nesa,
Rukayya