Hannuwana gajeru ne, Yaya ya ƙi yarda

Assalamu alaikum Admin, a ɓoye sunana, akwai ƴan unguwarmu a gurup ɗin nan. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, na rasa tudun dafawa.

Ni nas ne, a Gyadi-Gyadi nake zaune. Yayana yana da wajen ɗaga ƙarfe a bayan gidanmu, shi ya riƙe ni tun rasuwar Babanmu, shi ya fara ɗora hannuna a kan ƙarfe. Yaya dogo ne, hannunsa kamar ya taɓo gwiwa, in zai yi dedlif, wato ɗago ƙarfe daga ƙasa har mutum ya miƙe, ɗan sunkuyawa kawai yake ya kama. Ni kuwa Allah Ya yi ni da doguwar gangar jiki da guntayen hannuwa, kafin in kai ga ƙarfen sai na duƙa kamar mai wanki, nauyin duk a ƙuguna yake ƙarewa. Na sha faɗa masa, ya ce ragwanci ne, wai ƙarfe bai san tsawon hannu ba.

Ranar da ciwon baya ya hana ni juya majinyaci a kan gado, wata ƴar fisiyo, masu gashin ƙashi, a asibitinmu ta ce ƙirata ba irin ta Yaya ba ce, in gwada buɗe ƙafafu sosai, hannuwa a tsakiya, bayana zai fi miƙewa. Na saci jiki na je wani jim, wato wajen motsa jiki, a Tarauni na gwada. Wallahi kamar in yi kuka, nauyin da ya gagare ni a gida ya taso, washegari na yi ruku'u ba ciwo.

To Yaya ya tsani wannan tsayuwar. A gaban yaransa yake cewa ha'inci ce, ta ƴan Tarauni ce masu tale ƙafa don su rage wa ƙarfe tafiya. Da na ɗan taɓa masa zancen, ya ce in dai a wajensa ne ba za a yi ba, kwana biyu da ƙyar yake amsa gaisuwata.

Yanzu an sa gasa ranar Asabar tsakanin wajensa da wancan jim ɗin, kuma ni ya zaɓa. In na buɗe ƙafa na kunyata shi a gaban mutanen da yake zagi, su kuma sun san fuskata, asiri ya tonu. In na haɗe ƙafa ina tsoron bayan da nake cin abinci da shi. In na ce ba ni da lafiya, ɗakinmu na kallon juna, zai gane ƙarya ce.

Jiya ya ciro bel ɗinsa na fata da ba ya bari kowa ya taɓa, ya auna ƙuguna, ya huda sabon rami da ƙusa, yana cewa ai kowa da jikinsa. 

Jama'a, ranar Asabar in na tsaya gaban ƙarfen nan da bel ɗin Yaya a ƙuguna, in haɗe ƙafa ko in buɗe?