Shahadar da Ka Rufe da Roba

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma da miƙo min ita za ka yi ka ce in karanta maka, kana juya nama a bakin wuta kana cewa in rage sauri. To yau ma ni ce mai rubutu, ni ce mai karatu. Da Hausa nake rubuta maka, duk da ban taɓa rubuta komai da ita a makaranta ba, saboda da ita na yi maka rashin kunya, da ita kuma nake son in ba ka haƙuri.

Gida lafiya. Inna tana nan, gwiwar ce dai ke damunta, amma bakin bai rage ko kaɗan ba. Yaya Usman ya riƙe teburin agashenka, tsiren da aka san ka da shi, a kasuwar Suk al-Shabi ta nan Omdurman. Direbobin hafla, motocin hayan nan, suna saye, suna kuma gaya masa a fuska cewa yajinsa bai kamo naka ba, shi kuma ya ce harshensu ne ya tsufa. Daminar bara ta yi mana ɓarna a unguwarmu ta Dar Salam. Ɗakinka ya zube, Baba. Mun tara bulo na ƙasa a tsakar gida, muna jiran a samu hali a sake ɗagawa.

Babban labarin shi ne na nemi aikin koyarwa. An buɗe wani shiri na waɗanda suka gama jami'a: ba a aji za a zaunar da mu ba, makaranta za a tura kowa, ya yi shekara yana koyarwa a gaban tsohuwar malama tana gyara masa, wasu ranaku kuma a je a ɗauki darasi. In an gama a ba mutum takardar malanta. Shekara uku ina zaune da digirin kimiyya ina taya Inna soya waina, ka san yadda abin ya ci min rai. Da na ji labarin, ko mayafi ban daidaita ba na fita neman takardar cikewa.

Abubuwa uku suka nema: makarantar da ta yarda ta karɓe ni, darasin gwaji a gaban masu dubawa, da shahadar jami'a ta asali, wato takardar shaidar digiri, wadda aka buga wa hatimi a baya. Na ukun ne ya tsayar da ni. Ka san dalili.

Ka tuna ranar da na kawo shahadar gida? Ka wanke hannu har sau biyu kafin ka taɓa ta. Ka sa na nuna maka inda sunanka yake, ka ɗora yatsa a wurin ka daɗe. Washegari na tashi ban gan ta ba. Ashe ka fita da ita kasuwa, ka kai wa mai ɗaukar hoto ya rufe ta da roba gaba da baya, ya manne da na'ura, don kada hayaƙi da mai su ɓata ta. Sannan ka buga ƙusa a jikin rumfa ka rataye ta saman tiren albasa. Duk wanda ya zo sayen tsinke ɗaya sai ya ji tarihina tun daga aji ɗaya.

Na zo na same ka da rana, a gaban mutane. Na ce ka kashe min takarda, babu ofishin da zai buga hatimi a kan roba. Gaskiya na faɗa, amma ban tsaya nan ba. Na ce wanda bai yi karatu ba bai kamata ya riƙa taɓa abin da bai sani ba. Na ce kunya nake ji a rataye sunana a wurin sayar da nama. Ka sunkuya ka gyara garwashi, ka ce wa mutumin da ke tsaye nasa ya kusa. Da yamma ka dawo min da ledar nama, wadda babu kitse, irin wadda nake so, kamar ba abin da ya faru. Na ci, Baba. Na ci ban ce ka yafe min ba. Wane irin taurin kai ne wannan? Ina ta cewa gobe, har zazzaɓin nan ya kwantar da kai kwana huɗu ya tafi da kai.

Bayan sadakar bakwai Inna ta sa Yaya Usman ya ciro shahadar, ta saka ta a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonka, tare da takardun haihuwarmu da na fili da hotunan gonakin Jazira na lokacin da kuke tsinkar auduga. Da ruwan daminar bara ya shigo gida, akwatin ya kwana biyu a cikin laka kafin mu tono shi. Da muka buɗe, duk takardun sun zama kamar kunu. Inna ta sa hannu tana lalube tana salati, sai ta zaro abu ɗaya. Ta goge shi da gefen zani. Shahadata ce, ko harafi ɗaya bai goge ba, har da ramin ƙusarka a sama. Inna ta kalle ni ta ce sai in je in sake yi wa wanda ya rufe ta da roba faɗa. A cikin lakar nan na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Duk da haka robar ta ba ni wahala, kada ka ce na ɓoye maka. A ofishin karɓar takardu, ma'aikacin ya juya ta gaba da baya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya tambaye ni wane gwani ne ya yi wannan aiki. Da a da ne da na ce ban sani ba. Na ce babana ne, mai agashe ne a Suk al-Shabi, tsoron mai ya sa ya yi. Mutumin ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce nasa uban ma da zai aikata. Amma ya ce hatimi ba ya zama a roba, sabuwa kuma kafin ta fito daga jami'a an rufe karɓa, don ranar Alhamis ce ta ƙarshe.

Wadda ta fitar da ni ita ce Ustaza Ihsan, shugabar makarantar 'yan mata da ke unguwar Alsawra, inda na je neman gurbi. Mace ce gajera mai faɗa, irin wadda takalminta kaɗai ke sa aji ya yi tsit. Na ba ta labari tun daga ƙusa har zuwa laka. Ta ce in daina share hawaye da takardun mutane, in je a ɗauki hoton shahadar, in kai ta asalin da hoton wurin mai rajista a jami'a, ya gwada su da littafinsa, ya buga hatimi a kan hoton cewa daidai yake da asali. Ta rubuta min 'yar takarda da hannunta. Kwana biyu ina tsallaka gada tsakanin Omdurman da Khartoum, ina bin layi har ƙafata ta kumbura, amma ranar Laraba hatimi ya hau. Mai rajistar ya ce da ba ni da ta asalin a hannu, da babu abin da zai iya yi min a wannan mako. Mariya 'yar maƙwabcinmu Malam Isa, wadda muka gama tare, tata ta narke a ruwan, sai dai ta jira baɗi. Na yi mata alkawarin raka ta duk ofisoshin, tunda yanzu na san ƙofofinsu.

Darasin gwajin kuma, ka san abin da aka ba ni? Yadda zafi ke tafiya daga wuri zuwa wuri. Na shirya da littafi tsaf, amma da na tsaya gaban yara masu yawa da manya uku a baya riƙe da biro, sai duk abin da na shirya ya ɓace min. Yaran suna kallona, ni ina kallon allo. Can na tambaye su wa ya taɓa ganin ana gasa agashe. Hannuwa suka tashi ko'ina. Na zana tudun yashi, garwashi a tsakiya, tsinkaye a kafe kewaye da shi kamar yadda kake yi. Na ce to naman bai taɓa wuta ba, ba kuma a samanta yake ba, me ya gasa shi? Baba, ajin ya kaure da gardama, har wata yarinya ta manta ta amsa min da Hausa, ta rufe baki. Na ce mata amsarta daidai ce, na maimaita wa sauran da Larabci. Ashe duk shekarun da nake zama a gefenka ina ƙorafin hayaƙi, darasi nake ɗauka ban sani ba?

Jiya aka kafe sunaye. Nawa yana ciki, da naka a bayansa. Ranar Lahadi zan fara, aji biyu, Ustaza Ihsan za ta zauna a baya tana duba ni. Tsoro nake ji, ba zan yi maka ƙarya ba. Shekara ce guda ta gyara da faɗa, kuma ka san ba na son a yi min gyara. Amma zan koya. Inna ta riga ta fara kirana Ustaza, wai malama, in za ta aike ni ɗebo ruwa.

Daga wurin duba sunayen ban wuce gida ba, Suk al-Shabi na nufa da shahadar a jaka. Ƙusarka tana nan a jikin rumfa, ta yi tsatsa, ba wanda ya cire. Na taka benci na rataye ta da hannuna, saman tiren albasa. Wani direba ya tambayi ta wace ce. Yaya Usman ya buɗe baki zai amsa, na riga shi. Na ce tawa ce, ni 'yar mai wurin ce.

Ka yafe min, Baba. Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Nafisa, 'yar Garba mai agashe