Yatsan Baba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Baba?

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye don zama ya gagare ni. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma ki bari in gaya miki yadda aka yi.

Kin san agogon hannun marigayiya Mama, wanda Baba yake wanawa kowace safiya don kada ya tsaya. Ni dai ganin agogon da nake yi a ajiye cikin kofin shayi ne ya dame ni. Wata biyu na yi ina haɗa masa akwatin nan: gilashi a gaba, ɗan allon lantarki kamar kwalin ashana a ciki, sai sakatar da ba ta janyewa sai na'urar ta gane zanen yatsa. Na ƙone hannuna da dalma har sau uku. Wani abokin aikina ya ce in bar ramin mabuɗi ko don ɓacin rana, na yi masa dariya. Hatta kusoshin ta ciki na ɗaure su, wai don ɓarawo.

Ranar da na kawo shi ba kya nan. Na sa agogon, na rufe, na nuna musu da yatsana, koriyar fitila ta kama. Da na zo shigar da na Baba, sai ja. Sau goma, ja. A gaban jikokinsa na ce ya je ya wanke hannu. Ya je ya wanke da sabulu, ya dawo yana gogewa a riga, ja dai. Sai na ce ai na'urata lafiyarta ƙalau, hannunsa ne matsalar. Yaya, da bakina na faɗa. Murmushi kawai ya yi, ya ce in je kada mota ta tafi ta bar ni.

Haushi ya sa na fita ban ma tuna in ciro agogon ba. Na ce mako guda zan dawo, ga shi yau mako uku.

Ki gaishe shi, ni kunyar kiransa nake ji.

Ƙaninki,
wanda kuke tsokana da Injiniya


Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Jiya wani magini ya zo gyaran matakala a wurin aikinmu. Da muka gaisa na riƙe hannunsa fiye da kima, har ya tsargu. Yatsunsa sumul, babu zane ko ɗaya. Ya ce siminti ne ya cinye, duk wanda ya daɗe a sana'ar haka nasa suke. Shekara arba'in Baba yana gini. Hannun da siminti ya cinye don in je makaranta, shi na ce a je a wanke. Na shiga banɗaki na kulle, na yi kuka sosai.

Kin rubuta cewa agogon ya tsaya tun kwana na biyu, a kan tara saura kwata, bayan shekara huɗu bai taɓa tsayawa ba. Kin ce kin ɗauko guduma za ki fasa gilashin, ya hana, wai ba a fasa aikin ɗansa. Wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da kika ce har yanzu kowace safiya sai ya wanke hannu ya ɗora babban yatsa, ya jira, ko yau za ta karɓa.

Na nemi hutu, ina tafe ranar Asabar. Zan cire allon da wayoyin duka, in sa 'yar sakata irin ta taga, wadda ko da gwiwar hannu za a iya turewa. Ba zan taɓa agogon ba, shi zai wana abinsa.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Safiyar Asabar ki ɓoye sabulun, ki ja shi da hira har in iso. Kada ya sake wanke hannun nan saboda ni.

Ƙaninki,
ki daina ce mini Injiniya