Keken da Baba Ya Yi wa Fenti

Vaulx-en-Velin, Lyon
Watan Mayu, 2013

Zuwa ga Yayata Biba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙanwarki Shamsiya. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Saley da yara da duk mutanen gidanmu na Birni. Yaya zafi? Mun ji an ce bana Damagaram ba a cewa komai, Allah ya kawo damina mai albarka, ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya lau muke. Bukari yana fama da aikinsa, yaranmu Nuriyya da Hanif suna makarantar lekol, Hausarsu kuwa tun zuwan Baba ta ɗan miƙe, don shi ba ya amsa wa kowa in da Faransanci aka yi masa magana.

Kin tambaye ni a waya abin da ya sa Baba ya aiko a share masa ɗaki zai dawo, alhali ido ɗaya kawai aka yi masa aiki, daga baya kuma kuka ji shiru. Ban iya ba ki amsa ba domin yana zaune kusa da ni, kin kuwa san kunnen Baba bai tsufa ba. Shi ya sa na zauna na rubuto miki. Ki yi haƙuri da tsawonta, sai na faro miki daga ciwon mijina.

Ciwon Bukari keke ne, Yaya, kuma ba sabo ba, tsoho. Tun yana ɗalibi a Paris abin ya kama shi, har yau bai sake shi ba. A ƙarƙashin benenmu kowane gida yana da ɗan ɗakin ajiya, kav ake ce masa. Maƙwabta suna zuba akwatuna da kayan sanyi a nasu, mu namu kekuna ne rataye a bango har rufi, duk na Faransa, waɗansu sun girme ni nesa ba kusa ba. Ran Asabar mutum da digirinsa na injiniya zai shige can ya wuni yana goge sarƙa da tsohon buroshin haƙori, ya fito hannu baƙi ƙirin yana murmushi shi kaɗai. Na yi faɗa har na gaji na koma yi masa addu'a. Abin da ya fi ɗaure mini kai da farko shi ne ba ya yi musu fenti. Zai kwance komai, ya wanke, ya sa mai, ya nemo taya irin ta zamanin, amma jikin keken yana nan da kojewarsa. Ya ce a wurin masu wannan sha'awa fentin asali shi ne darajar keke, wanda ya kankare shi ya raba keken da hannun mutumin da ya ƙera shi.

A cikinsu akwai ɗaya da ya fi ƙauna. Abokinsa Kamalu, wani mutumin Maraɗi da ke zaune a Sevran kusa da Paris, shi ya gano masa shi a kasuwar tsofaffin kaya, bayan shekaru Bukari yana neman irinsa. Wani maƙeri ne ya haɗa shi da hannu tun kafin a ba ƙasarmu ƴanci. Kore ne da ya dushe, da siraran layukan ruwan zinari da aka ja da hannu, da sunan maƙerin a jiki wanda sai ka matso za ka karanta. Ranar da Kamalu ya kira shi, ko abinci bai tsaya ci ba ya bi jirgin ƙasa zuwa Paris, ya dawo da shi a kwance cikin jaka yana rungume da ita. Bai taɓa hawansa ba. Nufinsa ya kai shi taron masu tsofaffin kekuna da za a yi can wajen Paris a watan gobe, har ya gaya wa abokansa.

To sai ga Baba. Kin san shi, mutumin da ya yi rayuwarsa a rumfar gyaran keke a bakin kasuwa, daga safe har magariba hannunsa na motsi. Nan kuwa bayan an cire masa yanar idon hagu, likita ya ce sai ya huta makonni kafin a taɓa na dama. Ni ina aiki, yara suna lekol, shi kaɗai a hawa na shida yana leƙen motoci ta taga. Ya daina hira, ya rage cin abinci, kullum maganarsa ita ce ya zama kaya a gidan suruki, ana ɗawainiya da shi ba ya tsinana komai. Tsakaninsa da Bukari kuma sai kunya. Bukari zai durƙusa ya gaishe shi kansa a ƙasa, ya tashi ya bar falon, ko ruwa ba ya sha a gabansa. Ni na ga abin ya yi yawa, sai na kai shi kav don ya ga kekuna ko ransa ya yi sanyi. Yaya, da kin ga fuskarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana juya ƙafafunsu yana saurare, ya ce yaron nan ya iya aiki. Da ya zo kan koren sai ya tsaya ya girgiza kai. Ya ce wannan ya fi su duka ƙashi mai kyau, amma an bar shi tsirara kamar ba shi da mai shi.

A makon Bukari ya tafi Paris wajen aiki. Baba ya karɓi makullin kav, ya ce in sayo masa fenti shuɗi da buroshi da takardar goge ƙarfe da leda mai danƙo ja da rawaya. Ni na ɗauka ƙofar zai gyara, don ya sha cewa ta yi muni. Kwanakin nan Baba ya dawo Baban da muka sani. Yana cin abinci har da ƙari, yana tsokanar Nuriyya, yana sauka da safe ba ya hawowa sai azahar. Na yi ta gode wa Allah.

Ranar da Bukari ya dawo, Baba ya sa babbar rigarsa ya ce mu sauka duka. Ya yaye zanen da ya rufe keken da shi. Ashe ya kankare koren nan tas har ƙarfe, da layukan zinarin da sunan maƙerin, ya shafe shi da shuɗi mai sheƙi, ya naɗe ƙarfen tsakiya da leda ja da rawaya, daidai yadda yake yi wa kekunan malamai da ƴan kasuwa in salla ta matso. Ya ce wa Bukari ba shi da abin da zai saka masa da shi, amma ba zai yarda surukinsa ya shiga taron mutane a Paris da keke mai ƙazuwa a ce ba shi da kowa ba.

Na dubi mijina na ga fuskarsa ta sauya. Amma sai ya durƙusa a kan simintin nan ya ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma, ya maimaita har Baba ya ce ya isa. Daga nan ya ce ya manta wani abu a mota. Na same shi a ciki ya kifa kai a sitiyari. Na tausaya masa ƙwarai, na kuma tausaya wa tsohon da muka baro yana ta murna. Abin da ya ce mini kawai shi ne kada Baba ya sani, har abada.

Da haka maganar za ta mutu, ba don Kamalu ba. Ya zo Lyon takanas don ya duba Baba, da tsarabar dabino da turare, mutumin kirki ne amma bakinsa ya riga hankalinsa tashi. Bayan an ci abinci Baba da kansa ya ja shi kav don ya nuna masa aikinsa. Kafin Bukari ya samu ya yi masa ido, Kamalu ya riƙe kai ya ce, da Hausa kuma, wane mara imani ne ya yi wannan ɓarna, keken da babu irinsa ya tashi daga aiki. Sai da ya ga mun yi tsit ya gane. Ya shiga kame-kame, amma Baba ya ɗaga masa hannu. Ya juya ya tambayi Bukari ko gaskiya ne. Bukari ya sunkuyar da kai, wannan kuwa ya isa amsa.

Washegari Baba ya ce in nema masa biye, wato tikitin jirgi, gida zai koma. Na tuna masa saura kwanaki kaɗan randebu ɗinsa, ranar da aka sa za a yi masa aikin ɗayan idon, kuma likita ya ce idon dama ba ya jiran wata shekara, in aka bar shi zai iya rufewa gaba ɗaya. Ya ce ido ɗaya ya ishe shi alwala da ganin hanyar masallaci. Ya ce ya ci abincin mutum, ya kwana a ɗakinsa, ya kuma lalata masa abin da ya fi so, da wace fuska zai ci gaba da zama ana hidima da shi. Na yi kuka, na roƙe shi da girman Inna, ko gezau. A lokacin ne ya kira ku ya ce a share ɗaki. Ya haɗa jakarsa ya ajiye a bakin ƙofa, ya koma cin abinci a ɗaki shi kaɗai. Kin san in Baba ya kafe, sai dai Allah.

Ran Asabar da hantsi muka ji ƙarar ƙarafa daga ƙasa. Na leƙa ta taga na ga Bukari ya aro motar kaya, yana fito da kekunansa yana jibgawa a ciki, ba a hankali ba kamar yadda ya saba, jifa yake yi da su. Baba ma ya leƙo, ya nemi takalmansa, na bi shi muka sauka. Ya tambayi Bukari ina za a kai su. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin mijina ya dubi Baba ido cikin ido ba sai ranar. Ya ce: “Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, keken nan ya yi mini zafi. Amma in saboda ƙarfe za ka koma gida ka makance, to ba zan iya sake kallon ko ɗaya daga cikinsu ba. Juji zan kai su, yau ɗin nan.”

Da gaske yake, Yaya, ni na san shi. Baba ya yi tsaye yana kallon kekunan nan a cakuɗe, kan wannan ya shige cikin wayoyin ƙafar wancan. Can sai ya ce wa Bukari ya sauko da farin nan na sama kafin ya lanƙwasa ƙafar na ƙasa, ba a yi wa keke mai rai haka. Bukari ya ce ba zai sauko da komai ba sai an mai da jakar nan ɗaki. Suka tsaya kamar raguna biyu a bakin ƙofa, maƙwabta suna wucewa suna kallonmu. Daga ƙarshe Baba ya juyo ya ce mini, ke kuma me kike jira, je ki kwance jakar. Su biyu suka mai da kekunan bango, Baba yana faɗa a kan kowane ƙwarzane da aka yi. Ranar a kav na kai musu abinci, kuma kwano ɗaya suka ci.

An yi aikin ranar Talatar da ta wuce, alhamdulillahi, an dace. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Da aka cire bandejin muka dawo gida, Baba bai yarda ya hau sama ba sai da aka buɗe masa kav. Ya daɗe yana duban shuɗin keken nan da idanunsa biyu. Sai yanzu ya ga inda fentin ya zuba ya daskare, da gashin buroshi da ya maƙale, da wuraren da ya tsallake. Ya ce subhanallahi, ashe ko fentin ma bai kwanta ba, shi da ya yi suna da wannan aiki. Ya ce a kawo masa takardar gogewa ya kankare ya sake, ko ya rage kunya. Bukari ya dafa sirdin ya ce: “A'a, Baba. Ni ba na kankare hannun mutum a jikin keke. Wannan kuma hannunka ne.” Baba ya juya mana baya yana goge fuska da hannun riga, ni kuma na yi ta faɗa masa cewa likita ya hana a taɓa idon.

Taron Paris dai Bukari ya ce da wannan keken za shi, masu dariya su yi. Yanzu ma shi yake hawa zuwa tashar jirgin metro kowace safiya, da ledarsa ja da rawaya, Baba yana tsaye a taga har ya sha kwana.

Roƙona gare ki, Yaya, maganar nan ta tsaya tsakaninmu da Inna. Kada ta kai kunnen Kawu Illiassou, don ya samu abin tsokanar Baba har ƙarshen rayuwarsu. In Allah ya yarda zai taso bayan likita ya sake duba shi, zan kira ki in gaya miki ranar. A share ɗakin yanzu, wannan karon da dalili.

Ki gaishe mini da Inna ƙwarai, ki ce mata mijinta ya yi ƙiba. Ki gaida Malam Saley, da Kawu Illiassou da iyalinsa, da Fatsima da jaririnta, da Soumaïla, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa. Bukari yana gaishe ku da girmamawa, Nuriyya da Hanif suna gaishe ki da kyau. Baba ya ce a gaya wa wanda ke riƙe masa rumfa kada ya taɓa gwangwanayen fentinsa. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Shamsiya