Ranar da Oga Ya Zare Kebul

Litinin, 3 ga Maris

Makiyayi ya kwance mini zane a kasuwa. Makiyayi dai shi ne manhajar da na yi watanni ina rubutawa, mai kiwon garken sabobinmu, wato manyan kwamfutocinmu: a ce ya buɗe sabuwar ma'ajiyar bayanai ya buɗe, a ce ya goge ya goge.

Muna tsakiyar gwaji Oga ya zo wucewa da kofin shayinsa, ya sunkuya ya zare kebul, ya mayar. Haka kawai, ko sallama babu. Ashe Makiyayi ya riga ya buɗe ma'ajiyar, amsar ce ta ɓace a hanya. Da ya sake nema aka ce masa ai akwai ta, sai ya ɗauka tashin duniya ne, ya cika allo da ja, ya tsayar da komai cak.

Oga ya ce ran Juma'a zai sake zarewa a gaban mutanen asibitin da za su sayi aikin. In Makiyayi ya sake faɗuwa, a jingine nawa a sayo na waje. Ko kukan ma na kasa.

Talata, 4 ga Maris

Dogo, wanda teburinsa ke kusa da nawa, ya jawo kujera ba a gayyace shi ba. Wai in koya wa Makiyayi ya ɗauki "akwai ta" a matsayin nasara.

"Anti, in an aike ki rufe ƙofa kika tarar da ita a rufe, ihu za ki yi?"

Na ce masa haɗiye kuskure ƙarya ce, ni kuwa ban rubuta maƙaryaci ba. Kowane kuskure ya yi ƙara, haka aka koya mini, haka nake koyarwa. Ya yi dariyar nan tasa mai ban haushi ya tafi.

Laraba, 5 ga Maris

Na gwada tasa a ɓoye. Inna lillahi.

Na zare kebul da kaina, allo ya yi kore shar, har na fara jin kunyar Dogo. Allah ne ya sa na leƙa ma'ajiyar. Rabinta aka gina, ba a kai ga sa mata makulli ba, amma Makiyayi ya ji "akwai" ya wuce abinsa. Da a asibiti ne, sirrin marasa lafiya na nan a buɗe, mu kuma muna tafi. Jan allo bai taɓa tsorata ni kamar koren nan ba.

Na nuna wa Dogo. Dariyar ta ɗauke. Na so in ji daɗi, ban ji ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Wuni guda kanmu a haɗe, abincina ya huce a kula. Mun tsaya a kan haka: in an ce akwai, ya je ya gani da idonsa. In tamu ce kuma cikakkiya, ya wuce. In rabi ce, ya ƙarasa. In ta wani ce, to nan ya kwarma ihu. In ya je gogewa ya tarar babu, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Da hannuna na goge fiye da rabin ƙararrawar da nake taƙama da ita. Kamar cire haƙori.

Mun yi ta maimaita umarni ɗaya har hannu ya gaji, ma'ajiya ɗaya dai, a kulle.

Juma'a, 7 ga Maris

Mutanen asibitin sun zo, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau. Oga ya zare. Ya mayar. Makiyayi ya ɗan tsaya, ya duba, ya sa makullin da ya rage, ya ci gaba.

Can dattijuwar ta gyara tabarau ta dubi Oga.

"To, yaushe za a zare kebul ɗin? Muna da wani zaman."

Ashe ba ta ma lura an zare ba. Sun saya.

Litinin, 10 ga Maris

Na fara sabon sashe. Hannuna ya kai zai sa ja a wani wuri, sai na ga na tsaya ina tambayar kaina ko abin ya isa ihu. Kafin Oga ya gani na tura wa Dogo ya duba.

Ba wani abu ba ne. Kujerarsa ce ta fi kusa.